Mota Na Misin Bayan An Yi Mata Sauye-sauye: Canjin Kaya, Kwamfuta, Ko Awo Da Hannu?

A danjar Berger ko a cunkoson Nyanya ake fara gane ta. Mota na tsaye a silo, sitiyari na rawa a hannu, salansa na "fut, fut" jefi-jefi, allurar inji na sunkuyawa tana tashi. Wata kuma a silo lafiya lau take, sai an taka totur a hawan Kugbo ta fara fizga kamar ana riƙe ta ta baya. Abin da makanikai ke kira misin ke nan: silinda ɗaya ko fiye ta ƙi cin wuta a lokacin da ya kamata ta ci.

Motar da take yadda kamfani ya fito da ita ba ta cika ɓoye dalilinta ba. Wadda aka taɓa ce mai wahala: an sa mata tukunyar gas ta CNG, ko an ɗora mata wani injin Beljiyam, ko an cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, an yi wa salansa walda, ko an ɗaura mata irin matatar iskar nan mai kama da mazurari, ko an taɓa birenbos, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa inji, don ƙarin gudu. Littafin kamfani ya daina bayyana ta dalla-dalla, makanikin inji ya ce laifin mai haɗa gas ne, mai haɗa gas ya ce injin ne ya gaji, mai mota kuwa yana tsakiya yana biya. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 masu tukunyar gas suka yawaita a Abuja, irin wannan rikicin ma ya yawaita tare da su.

Hanyoyin da ke gaban mai mota huɗu ne, kuma ba ɗaya suke ba a kuɗi, a lokaci, da kuma amsar da suke bayarwa. Ko a riƙa sayo kaya ana canzawa har a dace. Ko a sa mata kwamfuta. Ko a bi silinda ɗaya bayan ɗaya da musanya da awo. Ko a mayar da abin da aka sauya yadda yake tun asali, na ɗan lokaci, a ga ko misin zai tafi.

Kafin a zaɓa, a riƙe abu ɗaya. Silinda na buƙatar abu uku kafin ta ci wuta: tartsatsi mai ƙarfi a kan lokaci, cakuɗin mai da iska daidai gwargwado, da matsi. Duk wani misin a duniya daga ɗayan ukun nan ya fito. Kowace hanya cikin huɗun nan tana gani sosai a wani ɓangare, ta makance a wani.

Sayo kaya a canza

Ita ce aka fi bi, domin ita ce mafi sauƙin farawa. "Oga, fulogi ne." A tura yaro Gudu ko Zuba, ko ya zaga cikin Apo ya sayo. Bayan kwana uku: "Alhaji, kwayil ne." Sai nozul mai fesa fetur, sai famfon mai, daga ƙarshe a ce birenbos.

Ba za a ce ba ta da amfani gaba ɗaya ba. Fulogi da kwayil su ne suka fi jawo misin, saboda haka wanda ya fara da su yakan dace. Akwai ma inda canzawar ce hikima: a injin V6 na Toyota, irin na Sienna da Highlander da Camry mai silinda shida, silinda ta 1 da ta 3 da ta 5 suna baya ne wajen bangon inji, a ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska. Idan har an ɗaga manifol ɗin, a sa sababbin fulogi duka, a sa kwayil masu kyau a bayan, a canza gasket ɗin manifol, don kada a biya kuɗin aiki sau biyu.

Illarta a motar da aka taɓa ita ce takan ƙara sabuwar cuta a kan tsohuwa. Jabun fulogi masu sunan NGK da Denso sun cika kasuwa, kwalinsu ya fi na gasken sheƙi, amma tsinin da aka ce iridiyam ne ya cinye cikin 'yan watanni. Sabon kwayil mai arha sau da yawa bai kai tsohon na kamfani da aka cire ƙarfi ba. Sai a wayi gari motar da ta zo da matsala ɗaya tana da uku, kuma ba wanda ya san wacce ce ta farko. Idan dole sai an bi wannan hanyar, a canza abu ɗaya tak a lokaci guda, a ajiye tsohon a but a rubuta masa lambar silindarsa, kuma a sayi fulogi da lambarsa ba da kamanninsa ba. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4 na Camry, alal misali, Denso SK20R11 yake ɗauka, mai tazarar milimita 1.1.

Sa kwamfuta

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, duk suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ta nan ake karanta abin da birenbos ya adana. P0301 na nufin silinda ta 1 ke misin, P0302 ta 2, haka har zuwa ƙarshe. P0300 kuwa na nufin misin ɗin yawo yake, ba shi da mazauni ɗaya. Wannan bambancin shi ne abu mafi daraja da kwamfuta ke bayarwa, domin shi ke raba hanya biyu. Misin mai zama a silinda ɗaya, laifin wani abu ne na silindar ita kaɗai: fuloginta, kwayil ɗinta, nozul ɗinta, bawul ɗinta. Misin mai yawo kuwa, abin da duk silindojin ke tarayya a kai ne: ƙarfin mai, iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya, eyafulo (sensar da ke ƙirga iskar da ke shiga inji), taimin, ko saitin gas. A motar da aka taɓa, P0300 ya fi nuna yatsa ga abin da aka sauya.

Sai dai a san cewa birenbos ba ya ganin wuta. Juyin karanshaf yake ƙirgawa ta sensa, idan ya ga ya ɗan ja baya a daidai lokacin da wata silinda ya kamata ta tura, sai ya rubuta mata laifi. Wurin yake faɗa, ba dalilin ba. Duk wanda ya karanta P0303 ya ce maka "kwamfuta ta ce kwayil na uku ne", shi ya faɗa, ba kwamfuta ba.

A nan ne masu kwamfuta suka kasu biyu, kuma kuɗin da suke karɓa ba ya nuna wane ne wane. Na farko ya jona, ya karanta lamba, ya goge, wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji, ta mutu, ya karɓi kuɗi. Wannan ya cuce ka ma, domin tare da lambar birenbos yakan adana hoton halin da inji yake ciki a daƙiƙar da misin ya faru: gudun inji, zafin ruwa, nauyin da ke kansa, gudun mota. Gogewa na share wannan shaidar. Kada ka bari a goge komai sai an ɗauki hoton fuskar na'urar da waya.

Na biyu shi ne mai karanta bayanan inji yana aiki. Abin da za ka nemi ya nuna maka shi ne lambobi biyu da na'urar ke rubutawa STFT da LTFT, wato yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa bisa abin da sensar oksijin ta gaya masa. A haɗa su biyun. Idan jimillar ba ta wuce 10 sama ko ƙasa ba, cakuɗin lafiya yake. Idan ta kai +15 ko +20 a silo, amma da aka riƙe inji a 2,500 ta sauko kusa da sifiri, iska na shiga ta inda bai kamata ba: tiyon da ya tsage, gasket ɗin manifol, ko ramin da aka huda wa nozul ɗin gas bai toshu da kyau ba. Idan kuma a silo daidai take, sai ana taka totur take hawa, to mai ne ba ya isa, ko eyafulo na ƙirga iska ƙasa da yadda take. Eyafulo mai lafiya a injin lita 2.4 da ya yi zafi, ba a kunna na'urar sanyaya ba, yakan nuna tsakanin giram 2 zuwa 4 a daƙiƙa a silo. Yawancin motocin 2008 zuwa sama ma suna ƙirga misin na kowace silinda daban, ana iya gani ko da wutar cek ba ta kama ba. Ba sai babbar na'urar Launch ko Autel ba; ƙaramar na'urar ELM327 da ake jonawa a soket ɗin nan, da manhajar waya, na nuna waɗannan lambobin, kuma ribarsa ita ce za ka iya kallonsu a kan titin Kubwa mota na tafiya, wani na tuƙi, maimakon a gareji tana tsaye inda ba ta yin laifin.

Inda kwamfuta ke makancewa shi ne matsi da ƙarfin mai. A yawancin motocin da muke hawa ba ta ganin ko ɗaya cikinsu. Haka nan idan an taɓa birenbos, wasu masu saitin sukan kashe ƙirgen misin ko sensar bayan indomi don kada wutar cek ta dami mai mota. A irin wannan motar, rashin lamba ba shaidar lafiya ba ce.

Kuma idan wutar cek tana ƙiftawa ne maimakon ta tsaya a kunne, a sassauta ƙafa a nemi wurin tsayawa. Ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa yana ƙonewa a kan indomi har ya narke ya toshe hanya, ga shi yana wanke baƙin mai daga bangon silinda.

Musanya da awo

Wannan ita ce hanyar da muka fi yarda da ita idan misin na zaune a silinda ɗaya, kuma ita ce mafi arha, ko da yake ita ce makanikai suka fi ƙi, don ba a sayar da komai a cikinta.

A ce P0302 aka samu a inji mai silinda huɗu. Silinda ta 1 ita ce wadda ke gefen bel da fulli. A ɗauke kwayil na 2 a kai shi 4, a ɗauke fulogi na 2 a kai shi 3, a ɗauki hoton lambobi sannan a goge, a fita da mota ta inda ta saba yin laifin. Idan lambar ta koma P0304, kwayil ne. Idan P0303, fulogi ne. Idan ta tsaya a P0302, an wanke su biyun ba tare da an kashe ko sisi ba, saura nozul, waya, da matsi. Aikin minti ashirin ne.

Yayin da fulogin ke hannu, a dube shi da kyau, domin yana ba da labari. Kai mai ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya. Baƙin toka mai laushi, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na hawowa. Fari tas kamar an wanke shi alhali sauran ukun suna da launi, ruwan lagireto na shiga wannan silindar. A jikin farin tangaran ɗin kuma a nemi wani siririn layi baƙi kamar an ja da fensir: hanyar da wuta ta bi ta gudu ke nan, kuma idan akwai shi, robar kwayil ɗin ma ta ɗauki tabon, dole a canza su tare, in ba haka ba tsohuwar robar za ta ɓata sabon fulogi. A leƙa ramin da tocila. Baƙin mai a ciki na nufin robar murfin bawul ta mutu. Ruwa a ciki kuwa aikin masu wankin inji ne da tiyo mai ƙarfi.

Akwai gwaji biyu da aka saba yi a gareji waɗanda ya kamata a bari. Ɗaya shi ne kwantar da fulogi a jikin inji a ga ya yi tartsatsi a ce kwayil na da kyau. Tsallake tazara a sarari abu ne mai sauƙi. A cikin silinda, ƙarƙashin matsi, wutar da ake buƙata ta ninka, kuma kwayil mai rauni a can yake gazawa. Shi ya sa irin wannan misin ba ya fitowa sai a hawa ko wajen wuce wata mota. Ɗayan shi ne zare kwayil daga kan fulogi inji na aiki. Wutar da ta rasa inda za ta bi takan huda kwayil ɗin daga ciki. A cire soket ɗin nozul maimakon haka. Silindar da aka cire wa soket amma sautin inji bai canza ba, ita ce matacciyar.

Nozul ana auna shi da mitar masu aikin lantarki: yawancinsu tsakanin om 11 zuwa 16, kuma duka su yi kusa da juna. Shi ma ana musanya shi kamar kwayil, a sa masa sabuwar roba. Ƙarfin mai da geji ake auna shi, ba da matsa tiyo da yatsa ba. Toyota irin su Corolla da Camry na shekarun 2000 suna son tsakanin psi 44 zuwa 50, kuma ya tsaya a nan ko an taka totur. Famfon da ke ba da 45 a silo ya faɗi 30 a kan nauyi, shi ne ke sa mota fizga a hawa alhali a gareji ba ta nuna komai. A tsiyayi ɗan mai a farar kwalba a bar shi ya zauna. Ruwa zai kwanta a ƙasa. Masu motoci a Abuja ba su manta da gurɓataccen fetur mai metanol na Fabrairun 2022 ba, kuma man bumburutu na gefen titi har yau ba a san abin da ke cikinsa ba.

Sai matsi. A bar inji ya yi zafi, a cire fulogi duka, a cire fiyus ɗin famfon mai, a taka totur har ƙasa, a murza ki har allurar geji ta daina hawa, da batir mai ƙarfi. Injin fetur mai lafiya yakan nuna tsakanin psi 150 zuwa 200, amma abin dubawa shi ne bambanci: wadda ta fi ƙasa kada ta gaza wadda ta fi sama da fiye da kashi 10 cikin 100. Idan ɗaya ta faɗi, a zuba mata baƙin mai cokalin shayi guda a sake aunawa. Ta tashi, ringi ne. Ba ta motsa ba, bawul ne ko tof gasket. Biyu maƙwabta sun faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Ga wanda motarsa ke Jos, a tuna garin na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarsa ta fi ta bakin teku sauƙi da wajen kashi 13 cikin 100. Injin da zai nuna 180 a Legas, a Jos 155 zuwa 160 zai nuna, kuma lafiyarsa ƙalau. Kada a sauke inji saboda wannan.

Raunin wannan hanyar shi ne misin mai yawo. Idan duka silindojin ke yi bi-da-bi, musanya kwayil ba zai nuna komai ba.

Mayar da ita yadda take

Ga misin mai yawo a motar da aka taɓa, babu hanyar da ta kai wannan yanke hukunci, kuma ita ce masu mota suka fi jin nauyin bi, don sun kashe kuɗi a kan abin da ake cewa a cire. Amma ba cirewar dindindin ba ce. Gwaji ne.

Mai tukunyar gas shi ya fi kowa sa'a, domin maɓalli ɗaya ne tsakaninsa da amsa. A mayar da mota kan fetur, a goge abin da birenbos ya koya, a yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu. Gogewar na da muhimmanci: kwamfutar gas kwaikwayon lokacin buɗewar nozul ɗin fetur take yi, idan saitinta ya karkace sai birenbos ya yi ta gyara har LTFT ya yi nisa, ya kuma ɗauki wannan karkacewar ya koma da ita kan fetur. Mota sai ta yi misin a fetur alhali laifin gas ne.

Idan a fetur lafiya take, a gas kaɗai take yi, kada a yi saurin wanke fulogi da kwayil. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, yana buƙatar wuta mai ƙarfi, kwayil ɗin da ke lallaɓawa a fetur a gas yake tona kansa. Shi ya sa ake rage tazarar fulogi zuwa milimita 0.7 ko 0.8, kuma gara a sayi wanda ya zo da wannan tazarar da a ƙwanƙwasa mai tsinin iridiyam, don tsinin na karyewa. Bayan wuta sai ridusa, na'urar da ke sauko da gas daga matsin "ba" 200 na cikin tukunya ("ba" ma'aunin matsi ne) zuwa wajen "ba" 2 da nozul ke aiki da shi. Wannan saukowar na sanyaya ta ƙwarai, don haka ake bi da ruwan lagireto ta cikinta. Motar da aka cire wa tamostat aka haɗa fanka kai-tsaye, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, ba ta ɗumama ridusa yadda ya kamata, musamman da asuba a lokacin hunturu. Sai ta riƙa fizga da zarar ta koma gas. A taɓa tiyo biyun da ke shiga ridusa: duka su yi zafi. Sannan a duba ƙarfin gas a kwamfutar mai haɗawa ana cikin tafiya, a ga ko yana faɗuwa idan an taka. Matatar gas da ta toshe da man kwamfiresa na gidan gas ita ma haka take yi.

Kurakuran haɗi kuwa da ido ake ganinsu. Tiyoyin da ke tashi daga nozul ɗin gas zuwa manifol su zama gajeru, tsawonsu ɗaya, ramukansu kusa da nozul ɗin fetur. Wayar silinda ta 2 kada ta je wa nozul na 3. Motar da aka yi wa wannan kuskuren takan yi tafiya, amma ta riƙa cijewa duk lokacin da aka taka totur. Inda aka yanke wayoyin nozul ɗin fetur aka jona na gas, idan murɗewa kawai aka yi aka naɗe da salatif ba a yi dalma ba, zafi da girgiza za su saki haɗin, mota ta yi misin a fetur da gas duka, da lamba irin P0201 zuwa P0204. Duk wannan aikin wanda ya haɗa ne, a koma masa da hoton lambobin a hannu. Ɓangaren da ke tsakanin tukunya da ridusa kuwa, ba makaniki ko mai walda da zai taɓa shi.

Akwai wata cuta ta gas da ba ta zuwa sai bayan watanni. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul kamar fetur, a hankali mazaunin bawul ɗin hayaƙi ke cinyewa, bawul ya nutse, tazararsa ta rufe, ya daina zama daram. Alamarsa misin a silo, musamman da safe, a fetur da gas duka. A injin Honda K24 gyaran na sukurudireba da filageji ne, aikin awa ɗaya da inji a sanyaye. A 1ZZ da 2AZ na Toyota sai an ɗaga kamshaf an canza ƙoƙon da ke kan bawul da mai wani kauri. Idan aka bari, bawul ɗin ya ƙone, magana ta koma ta sauke tof silinda. Duk mai gas ya sa a auna masa tazarar bawul kafin ya sayi kwayil na biyu.

Sauran sauye-sauyen sun fi sauƙin bayani. Matatar iska mai mazurari: a mayar da akwatin kamfani. Idan bututun da eyafulo ke ciki ya fi na asali faɗi, ƙirgensa ya ɓaci, kuma man da ake shafa wa irin wannan matatar na manne wa siririyar wayar sensa. Salansar da aka yanke: a nemi huji a walda kafin sensar oksijin ta gaba, don iskar waje na shiga ta nan, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, birenbos ya yi ta ƙarawa har fulogi su yi baƙi. Cire indomi shi kaɗai ba ya kawo misin, P0420 da wari yake kawowa. Wanda ya narke ya toshe shi ke shaƙe inji. Birenbos ɗin da aka taɓa: a mayar da saitin asali, idan mai aikin ya adana shi, kuma wanda bai adana ba bai kamata a ba shi mota ba tun farko. A mota mai tobo da aka ƙara wa matsi, tsohuwar tazarar fulogi takan yi faɗi, sai a sauko 0.6 zuwa 0.7 da fulogi mai sanyi mataki ɗaya, wato wanda ya fi saurin zubar da zafi. A kula, a NGK da Denso lamba mai girma ce mai sanyi, a Bosch kuwa akasin haka ne.

Injin Beljiyam ba ya mayuwa, amma kayan jikinsa na mayuwa. Inji biyu masu suna ɗaya na shekaru daban ko kasuwa daban kan bambanta a nozul, manifol da sensa. Ƙa'idar ita ce birenbos da kayan tsohon inji ya saba, don haka a ɗora nozul, manifol, totur da sensojin tsohon a kan sabon, a kuma gwada haƙoran farantin karanshaf na biyun a tabbatar iri ɗaya ne. A nemi wayar at da ke haɗa inji da bodi, ita aka fi mantawa a rataye. Honda da motocin GM suna buƙatar a sa birenbos ya sake koyon juyin karanshaf da kwamfuta bayan canjin inji, in ba haka ba ya riƙa rubuta misin ɗin da babu shi. Idan P0300 ya zo tare da P0016, a zargi sarƙar taimin, mai yiwuwa ta goce ko ta miƙe.

Ranar da aka ce sai an sauke inji

Wani lokacin gaskiya ne. Amma ba a yarda da wannan maganar sai da lambobin matsi na kowace silinda a rubuce, da gwaji ɗaya na ƙarshe: a kai fistan ɗin silindar da ake zargi sama bawul duka a rufe, a hura mata iska ta ramin fulogi, a kasa kunne. Iska na fita ta totur, bawul ɗin shiga ne. Ta salansa, bawul ɗin hayaƙi. Ta bakin zuba baƙin mai, ringi. Kumfa a lagireto, tof gasket ko tsagewa. Zubar iskar da ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba lafiya ce, wadda ta haura 30 sai an buɗe. Wannan ne ke raba aikin tof silinda kaɗai da na inji gaba ɗaya, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu babba ce.

A Camry mai 2AZ ta 2002 zuwa 2006, idan kumfa ta fito a lagireto, a duba zaren ƙusoshin tof silinda da ke cikin bulok kafin a sayi gasket, musamman na bayan, domin an san injin da sakin zare a nan. Sabon gasket a kan zaren da ya mutu ba zai riƙe ba. Sai an sa wa ramukan sabon zare na ƙarfe tukuna. Idan kuma shawara ta tsaya a kan sayen wani injin daga Zuba ko Apo, a je da geji da batir, a auna matsinsa yana ƙasa kafin a biya, a kuma riƙe tsohon har sai an gama kwashe kayan jikinsa.